Mode, Mai Fiton Tungar Maje

Duk wanda ya taɓa ƙetare gulbi daga Tungar Maje zuwa ɓangaren Taloka ya san Mode. Dogo ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa ya yi kanta saboda riƙon gora. Ba shi da yawan magana. In ka shiga jirginsa ka gaishe shi, zai amsa, ya nuna maka wurin zama da haɓarsa, sai kuma kun kai wancan ƙetaren.

Fito gadonsa ne. Mahaifinsa ke ƙetarar da mutanen Tunga tun kafin a datse ruwa a Goronyo, kuma cikin jirgin nan Mode ya yi wayo. Ya yi karatun allo daidai gwargwado. Boko kam bai taɓa zama ajinta ba, don makarantar tana ƙetare, tsohon kuma ya ce mai kai yara makaranta ma ai aikin lada yake yi. Da tsohon ya rasu, ya bar masa jirgi, da 'yar gona a fadama, da ƙane guda ɗaya mai suna Zayyanu, wanda Mode ya girme wa nesa ba kusa ba. Shi ya raine shi, shi ya yi masa kaciya, shi kuma ya yi masa aure da wata yarinyar garin mai suna Khadijatu. Gida ɗaya suke zaune, zana ce kawai ta raba sashen Mode da matarsa Rahama da na ƙanen.

Tungar Maje ƙaramin gari ne. Gero da dawa da wake a tudu, albasa a fadama. Asibiti, kasuwa, makaranta, har injin niƙa, duk suna ƙetare. Akwai wata hanyar ƙasa da ke zagayawa ta daji, amma doguwa ce, mai bin ta ma sai ya yi guzuri. Saboda haka rayuwar garin kaf ta jirgin Mode take bi: amarya da kayan ɗakinta, buhunan albasa, akuyar da za a sayar, mai naƙuda, har gawar wanda ya rasu a asibiti.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, aka kafa rumfar zaɓe a gindin tsamiyar ƙofar masallaci. Lokacin Mode na ganiyar ƙarfinsa. Ranar da malaman zaɓe suka iso bakin gulbi da akwati, rigarsa ta Sallah ya saka ya ɗauko su. Da suka miƙa masa kuɗin fito ya ƙi karɓa. A ransa gani yake wannan akwatin ba kaya ba ne irin sauran kaya. An ce musu abin da talaka ya jefa a ciki shi za a yi, shi kuwa ya yarda.

A zaɓen nan aka fara maganar gada. Wani ɗan takara ya tsaya bakin ruwa da babbar riga, ya nuna can ya nuna nan, ya ce kafin damina biyu mota za ta shiga Tunga. Mutane suka yi ta tsokanar Mode.

"Mode, in anka yi gada mi za ka ci?"

"In ci albasa," in ji shi.

Kuma da gaske yake. Ya fi kowa son gadar nan, don shi ya san abin da yake gani. Shi ya san matan da suka haihu a tsakiyar ruwa yana kawar da kai, da waɗanda ba su kai ƙetaren da rai ba.

Zaɓe ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa. 'Yan takara suka riƙa canzawa, maganar gada ba ta canza ba. Wata shekara har tsakuwa aka jibge a bakin mashigi, aka kafa allo mai rubutu. Tsakuwar ta ƙare a daɓen ɗakunan mutane, allon ya yi tsatsa ya faɗi. Duk da haka Mode bai fasa ba. Duk zaɓe shi ke ɗauko akwati, ya hau tudu ya bi layi ya dangwala, da yamma ya mayar da shi. Bai taɓa saka hular wata jam'iyya ba. Kowa ya zo ya ɗauke shi, mai wannan tuta da mai waccan.

Zayyanu kuwa daban yake. Mutum ne mai fara'a da surutu, inda duk ya zauna sai an taru. Noman albasa yake yi, kuma ya iya, sai dai kullum yana kukan abu biyu: taki da injin ban-ruwa. Taki ya yi tsadar da ƙaramin manomi sai dai ya saya da kwano. Inji kuwa haya yake ɗauka, mai shi sai ya gama nasa kafin ya ba shi, albasa ta riga ta sha rana. Shi ya sa ya manne wa Bashar, shugaban wata jam'iyya a mazaɓarsu, wanda ya yi masa alkawarin in sun ci, sunansa na cikin na farko. Zayyanu ke liƙa hotuna a bangon masallaci, shi ke tara matasa, shi ke yi wa mata bayani ta bakin ƙofa.

"Yaya, wannan karon da gaske na," yakan ce wa Mode. "Mutumen ga ɗan fadama na awa mu. Ya san ciwon taki."

"Allah shi sa," Mode kan ce.

A shekarun nan abubuwa suka ƙara ƙunci. 'Yan bindiga suka tare hanyar daji, wanda ya bi ta sai dai a ji labari. Ƙauyukan da ke bayan Tunga suka fara watsewa, wasu Rabah, wasu Wurno, wasu cikin Goronyo gidajen 'yan'uwa. Gonakin tudu masu nisa suka koma saura. Ɗan Mode guda ɗaya namiji, Bilyaminu, ya tafi ci-rani Kudu, ya samu babur yana haya, bai sake dawowa noma ba. Da hanya ta mutu, nauyin kowa da komai ya dawo kan gulbi.

Abin da ya raba rayuwar Mode biyu ya faru ne a ƙarshen wata damina mai ruwa, ana saura 'yan watanni zaɓe. An buɗe ƙofofin dam, gulbi ya cika ya batse, ya yi jajir, yana tafe da karan dawa da rassan itace. Ranar ne babban ɗan takarar su Bashar zai yi taro a Goronyo. Kowane shugaban mazaɓa da yawan kawunan da ya kawo za a auna shi. Tun da hantsi Bashar ya iso Tunga da huluna da atamfofi masu hoton ɗan takara, ya ce babbar mota na jira a ƙetare. Kafin ka ce me, bakin mashigi ya cika da maza da mata, har da tsofaffin da suka ji an ce za a raba taki.

Mode ya dubi mutanen, ya dubi ruwan.

"Sahu-sahu za mu yi," ya ce. "Ruwan ga ba na wasa ba na."

Bashar ya duba agogonsa. "Sahu nawa, Mode? Mota ba ta jiranmu. Direba ya ce da ya ga jirgi ya iso shina tashi, akwai wasu ƙauyukka gaba. Wanda ba a gani wurin taro ba, kash shi zo gobe shi ce an mance da shi."

Wannan maganar ita ta gama komai. Ba wanda ya tura kowa. Mutane da ƙafarsu suka riƙa faɗawa cikin jirgi, kowa na tsoron a bar shi. Mode ya ɗaga murya, abin da bai saba ba, ya ce wasu su sauka. Ba wanda ya motsa. Kowa na kallon na kusa da shi. Bakin jirgi ya kusa daidai da ruwa.

Sai Zayyanu ya matso, sabuwar hula a kansa, ya rage murya.

"Yaya, don Allah kak ka ba mu kunya gaban mutane. Kai ka san ruwan ga. Sau ɗaya na."

Mode ya daɗe yana kallonsa. Tun yaron na rarrafe bai iya ce masa a'a ba. Ya yi bisimilla, ya kafa gora, ya tura.

Sun wuce rabi lafiya. Mata har sun fara waƙa. Sai ga wani kututture ruwa ya ɗauko, ya bugi gindin jirgi. Bugun bai yi ƙarfi ba, amma wata ta tsorata ta miƙe, na kusa da ita suka karkata gefe guda, ruwa ya shigo. Abin da ya biyo baya Mode bai taɓa iya jera shi daki-daki ba. Ya san ya yi ta nutso yana fitowa, yana cafko wanda hannunsa ya kai, yana turawa wajen jirgin da ya kife. Ya san masunta sun kawo ɗauki daga ƙetare. Ya ga Zayyanu ya fitar da wata tsohuwa har inda ƙafa ke taɓa ƙasa, ya juya ya koma. Daga nan bai sake ganinsa ba.

Mata biyu suka rasu, da wani dattijo, da Zayyanu. Ɗaya daga cikin matan Aziza ce, ƙanwar Rahama uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ke aure nan Tunga. Gawar Zayyanu sai da aka kwana aka wuni masunta suka tsince ta can ƙasa, wajen Wurno. Taron Goronyo kuwa an yi shi. An ce da labari ya isa, an tsaya an yi wa mamatan addu'a, sannan makaɗa suka ci gaba.

Aka yi zaman makoki. Ɗan takara ya aiko da shinkafa da wakilai, suka yi ta'aziyya suka koma kafin la'asar. Ba wanda ya tsaya gaban Mode ya ce kai ne. Da ma an faɗa, da ya fi masa sauƙi. Abin da aka yi shi ne, da ya gyara jirgi ya koma mashigi, sai ya ga mutane na zuwa su tsaya nesa, su yi kamar suna jiran wani. Ba a jima ba wani mai jirgin inji daga ƙetare ya ji labari ya kawo nasa. Kuɗinsa ya fi na Mode, amma shi ake shiga. A masallaci in an tayar da salla, gurbin da ke kusa da shi ne ke cika a ƙarshe. Yaran da a da ke rububin riƙe masa igiya, iyayensu suka hana su zuwa.

Bai ga laifinsu ba. Ya san kowanne daga cikinsu in ya dube shi, ranar nan yake gani, da yadda shi ma ya ƙi sauka.

Rahama ta tafi Tursa gidan iyayenta zaman ta'aziyyar ƙanwarta. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in, ba ta dawo ba. Khadijatu tana takaba a bayan zana da 'ya'yanta ƙanana. Da safe yakan tsaya daga waje ya yi sallama, ya ajiye abin cefane. Takan amsa sallamar, ba ta ƙara komai. Da dare ya yi sai ya ji ƙaramin yana tambayar ina Baba. Wannan ne ya kasa jurewa. Ya kwashe tabarmarsa da butarsa da 'yar rediyonsa ya koma rumfar da ke bakin mashigi, ya kewaye ta da zana. Nan yake dafa wakensa, nan yake kwana. Yakan wuni bai yi magana da kowa ba sai amsa sallamar masu wucewa zuwa jirgin inji.

Da zaɓe ya ƙara matsowa, sai ga baƙi. Na farko Yusha'u ne, wakilin ɗaya jam'iyyar, ɗan gidan malamai daga Goronyo, mai laushin harshe. Ya zauna kan tabarma, ya yi ta'aziyya mai tsawo da addu'o'i, sannan ya fito da waya.

"Baba Mode, ba mu son komi gare ka sai gaskiya. Ka dubi wayag ga ka hwaɗi abin da Bashar yac ce ranan nan. Duniya ta ji yadda sunka ɗauki ran talaka."

"In na hwaɗi, mi za a yi da shi?"

"A watsa. Kowa shi gani kahin ranaz zaɓe."

"Bayan zaɓe fa?"

Yusha'u ya yi murmushi. "In munka ci, ai gada ta zama dole."

Mode ya sunkuyar da kai yana murza igiya. Ya tuna a zaɓen da ya wuce, shi wannan Yusha'un ya tsaya a wannan mashigin yana yi masa tsawa ya ƙara mutane, don su ma suna da nasu taron. Ranar ruwa bai cika ba, shi ya sa ba a ji komai ba.

"Bashar ya yi magana," ya ce a hankali. "Amma gora hannuna take. In zan hwaɗi, duka zan hwaɗi, har da naku na wancan karon. Kana so?"

Yusha'u ya mayar da waya aljihu. Ya ce zai dawo. Bai dawo ba.

Labari ya kai kunnen Bashar, shi ma ya zo, shi kaɗai, ba hula ba rakiya. Ya rame. Ya daɗe a tsaye kafin ya zauna, kuma bai iya haɗa ido da Mode ba.

"Wallahi ban barci, Mode. Zayyanu ƙanena na ni ma." Ya share fuska. "Amma ƙaddara ta riga ta auku. Manya sun ce a ba ka inji sabo ka ɗora ma jirginka. Kai dai in wani ya zaka da tambaya, ka ce ikon Allah na."

"Ikon Allah na," in ji Mode. "Wanga ba sai an ba ni inji ba."

"To ka amsa mana."

"Injin ban-ruwa yaron ga yab biɗa gare ka shekara da shekaru. Ga gonatai can, ga ɗiyanai. In akwai abin badawa, can za a kai."

Bashar ya ce zai yi magana da manya. Ko ya yi ko bai yi ba, Mode bai sani ba. Ba a kai komai gidan Khadijatu ba, shi ma ba a sake yi masa zancen inji ba.

Mutum ɗaya ne ke zuwa wurinsa ba da wata buƙata ba, Malam Isa limamin Tunga, tsoho mai ciwon gwiwa. Yakan dogaro sanda bayan la'asar ya zauna, wani lokaci su yi shiru tare har rana ta yi ja. Ran nan ya ce, "Mode, ka koma cikin gari. Mutum ba ya zama shi ɗai awa haka."

"Malam, nan ɗin ya hi man sauƙi. Can ina jin muryoyin yaran."

Malam Isa bai matsa ba. Mode ya roƙe shi abu guda: zai ci gaba da noma gonar albasar Zayyanu, in an cire, Malam ya riƙa miƙa wa Khadijatu, don ba ya son ta ji nauyin karɓa daga hannunsa. Haka aka yi. Da ta gama takaba ta koma gidan mahaifinta a ɗaya unguwar, gidan su Mode ya zama kango, kaji na kiwo a tsakar gida.

Ana saura makonni zaɓe, aka shiga wahalar canjin kuɗi. Tsofaffin takardu ba a karɓa, sababbi ba a ganinsu. Manomi ya kai albasa kasuwa, mai saye ya ce sai dai ya tura masa ta waya, shi kuwa ba shi da asusun banki, wayar ma ba ta kama layi a Tunga. Albasa ta yi ta ruɓewa a bakin kasuwa. Ga man fetur ya ɓace. Wata safiya mai jirgin inji bai zo ba, washegari ma haka.

Mode na zaune a rumfarsa ya ga mutane sun taru a mashigi da buhunansu. Suka tsaya, suka tsaya, rana ta ɗaga. A ƙarshe wani magidanci, wanda matarsa na cikin waɗanda Mode ya ciro daga ruwa, ya tako ya tsaya bakin rumfa yana kallon ƙasa.

"Mode, ko ka hid da mu?"

Ya tashi ya kwance igiya. Da aka shiga daidai yadda yake so, ya ɗaga hannu, sauran suka ja da baya ba musu. Ba wanda ya yi magana har ƙetare. Wata mata ta rufe fuska da mayafi tana ta salati, hannunta damƙe da bakin jirgi. Da suka sauka, wani ya ajiye masa albasa, wata ta zuba masa wake a ƙwarya, don ba mai kuɗi a hannu. Haka aka koma shiga jirginsa. Ya san ba huce masa aka yi ba, rashin mai ne ya dawo da su. Jirgin da a da ke cike da gardamar siyasa da tsegumin kasuwa ya zama kamar ɗakin jinya. Sai ya ga kaɗaicin cikin mutane ya fi na rumfa ciwo.

Ranar zaɓe malaman zaɓe suka iso, matasa ne 'yan bautar ƙasa, da ɗan sanda guda, suna ta waige-waige saboda labarin daji da suka ji. Ya ɗauko su da akwatunansu da na'urarsu. Da hantsi ya ɗaure jirgi ya hau tudu da katinsa a aljihu, kamar yadda ya saba.

Layin bai kai rabin na da ba. Na ƙauyukan baya sun gudu, matasa suna Kudu, wasu kuma suna gida sun ce ba inda za su. A bayan katangar masallaci mutanen Bashar na miƙa taliya da sabulu. A gindin wata bishiyar bedi, can gefe, mutanen Yusha'u na miƙa nasu. Sai ya hango Khadijatu ta fito daga bayan katanga, goye da ƙaramin, tana cusa ƙullin taliya cikin hijabi. Ta ɗago suka haɗa ido. Ta yi saurin sunkuyar da kai ta shige layin mata.

Bai ji haushinta ba ko kaɗan. Ya san abin da ke cikin tukunyar gidan nan. Ya tsaya gefe yana kallon tsamiya, da teburin, da hoton ɗan takara da Zayyanu ya liƙa da hannunsa a bango, rana ta koɗar da launinsa. Ya yi ƙoƙarin tuna wanda zai dangwala wa, ya rasa. Ya juya ya gangara bakin ruwa. Tun da aka fara zaɓe a Tunga, ranar ce ta farko da yatsansa bai taɓa tawada ba. Da yamma ya mayar da malaman zaɓe ƙetare, suna ta murnar an gama lafiya.

Wani ya ci, wani ya faɗi, aka tafi kotu, aka dawo. Tunga ba ta ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Mai ya dawo gidajen mai, amma da tsadar da mai jirgin inji ya lissafa ya ga ba riba, ya sayar da injinsa ya koma kamun kifi. Fito ya zauna hannun Mode kamar da.

Bayan an cire albasa ya shirya ya tafi Tursa biko. Surukansa suka karɓe shi da mutunci, aka kawo fura. Da aka ba su wuri, Rahama ta zauna bakin ƙofa, ta gaishe shi kamar yadda ta saba, ta tambayi ciwon bayansa. Ta yi furfura a 'yan watannin nan.

"Na zaka in tahi da ke gida," ya ce.

"Malam, ban taɓa cewa kai kak kashe Aziza ba. Ko cikin raina ban ce ba. Amma ba ni iya kwana ina jin ƙaran ruwan nan. Na gwada tunanin komawa, sai in ji numfashina na ɗaukewa." Ta goge ido da bakin zane. "Kai ka dawo nan. Yaya Lawwali ya ce shina ba ka gona. Ka bar ruwan ga haka nan, ka tsufa."

"In na baro, wa za ya hid da su?"

"Su da ba su ko gaishe ka?"

"Suna gaishe ni yanzu. Kaɗan-kaɗan. Ga kuma gonar yaran."

Bai sake ta ba, ita ma ba ta nemi saki ba. Ya kwana biyu ya koma. Tun daga nan, in hanya ta yi kyau yakan je ya duba ta, ya kai mata busasshen kifi, ta haɗo shi da daddawa da kuka. Bilyaminu kan kira wayar wani mai shago a ƙetare, a aiko a kira Mode, su gaisa a gurguje. Kullum sai ya ce, "Baba, bana ina zuwa Sallah." Mode kan ce Allah ya kawo shi lafiya.

Yanzu an sake shiga kakar siyasa. Sababbin hotuna sun fara hawa bangon masallaci a kan tsofaffi. Kwanan baya da hantsi aka yi kira daga ƙetare, Mode ya tura jirgi ya je. Bashar ne da Yusha'u, tare, hula iri ɗaya a kansu. Ashe manyansu sun shirya, sun koma jam'iyya guda. Suka shigo suna dariya, suna ba juna labarin wani taro da aka yi a Sakkwato. Sai da aka kai tsakiyar ruwa Bashar ya daina dariya, ya kama bakin jirgi, ya kawar da fuska. Yusha'u bai lura ba, ya ci gaba da magana.

"Baba Mode, ka ga yanzu mun haɗe. Ba sauran gardama. Kai mutane na jin maganakka, ka taya mu hwaɗa musu su sabunta katinsu."

"Ku zauna daidai," in ji Mode. "Akwai ruwa nan."

Ya sauke su, suka hau tudu. Bashar ya ɗan tsaya kamar zai ce wani abu, sai kuma ya bi bayan abokinsa.

Mode ya ɗaure jirgi, ya ɗauki fartanya ya nufi fadama. Irin albasar bana ya fito da kyau, amma ciyawa ta taso masa, taki kuma bai samu ba sai na awaki da ya tara. Ya duƙa yana cira, kwari bayan kwari, bayansa na yi masa zafi. Daga cikin gari yana jiyo lasifika an fara gwada ta, ana hura mata baki. Bai ɗago ba. Yana so ya gama wannan gefen kafin azahar, don masu dawowa daga asibiti sun ce ya jira su da la'asar.